Hanci, Maƙogwaro ko Yawu: Daga Ina Ya Fi Dacewa a Ɗauki Samfurin Gwajin Cututtukan Numfashi?

Mura, tari, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi alamomi ne da ƙwayoyin cuta masu yawa suka yi tarayya a kansu. Infuluwenza, korona, RSV, adenobairos da ƙwayoyin murar yau da kullum duk suna iya fara wa mutum iri ɗaya, ta yadda ko ƙwararren likita ba zai iya rantsuwa a kan wacce ce ta kama ka da kallo kawai ba. A mafi yawan lokuta ba sai an bambance ba, domin mura ce da za ta wuce da kanta cikin mako guda ko makamancin haka. Amma akwai lokacin da sanin sunan ƙwayar yake sauya yadda za a kula da kai: idan kana da ciwon suga, ciwon zuciya ko asma, idan mace mai juna biyu ce, idan jariri ne ko tsoho, ko kuma idan ana fargabar ɓarkewar annoba. Maganin infuluwenza mai suna oseltamivir, alal misali, ya fi aiki idan an fara shan sa cikin awa 48 da fara ciwo. Wanda gwajinsa ya nuna babu cuta alhali akwai, ya rasa wannan damar, sannan ya koma gida cikin iyalinsa da natsuwar da ba ta da tushe.

Sau da yawa idan haka ta faru mutane kan ɗora laifin a kan na'urar gwaji. Alhali ba a nan gizo yake saƙar ba. Na'ura tana karanta abin da aka kai mata ne. Idan tsinken gwajin bai taɓa wurin da ƙwayar cutar take ba, ko ya taɓa sama-sama, to na'urar da ta fi kowace tsada ma babu abin da za ta gani.

Abin da tsinken yake ɗaukowa

Bairos ba ya hayayyafa a cikin majina. Yana shiga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe a bangon hanci, maƙogwaro da hanyoyin iska, a can yake ninka kansa. Saboda haka abin da ma'aikacin lafiya yake nema shi ne ya kankaro waɗannan ƙwayoyin halittar daga jikin bango. Dalilin da ya sa yake murza tsinken yana goga shi ke nan, kuma dalilin da ya sa tsinken da ya jiƙe sharkaf da majina amma bai gogi bango ba yake iya fitowa babu komai.

Shi kansa tsinken ba irin audugar goge kunne da ake sayarwa a shago ba ce. Kansa na zaren roba ne kamar nailan ko foliyesta, jikinsa kuma roba ko siririyar waya. Ba a amfani da mai jikin katako, domin yana iya ɗauke da sinadaran da ke hana gwajin PCR aiki. Wanda ake sa wa can cikin hanci siriri ne mai lanƙwasa, na maƙogwaro kuwa ya fi kauri da tauri. Ba a musanya su.

Ƙuryar hanci

Wannan shi ne wanda yawancin mutane suka sani tun lokacin korona, kuma shi ne wanda aka fi tsoro. Wurin da ake nufi shi ne can ƙarshen hanci ta ciki, inda hanci ya haɗu da saman maƙogwaro, a bayan ganda. A nan ne ƙwayoyin cutar numfashi da yawa suka fi taruwa a kwanakin farko na ciwo, shi ya sa masu bincike suka mayar da shi ma'aunin da ake gwada sauran wurare da shi.

Za a sa ka zauna ka ɗan ɗaga kai baya. Idan hancinka ya cika da majina, za a iya ce maka ka fyace tukuna. Ma'aikacin zai tura tsinken a kwance, yana bin ƙasan hanci ya nufi wajen kunne, ba sama wajen ido ba. Zurfin ya kai kwatankwacin tazarar da ke tsakanin ƙofar hancinka da kunnenka, wato wajen santimita 8 zuwa 10 ga babban mutum. Idan ya ji ya taɓa bango, sai ya murza a hankali, ya bar shi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya zaro yana murzawa. Ƙofar hanci ɗaya ta isa idan an kai inda ake so.

Za ka ji yaji kamar ruwa ya shiga maka hanci, idonka zai kawo hawaye, wataƙila ka yi atishawa ko tari. Duk wannan ba alamar an ji maka ciwo ba ne. Ka riƙa numfashi ta baki, kada ka fizge kai, kada kuma ka riƙe hannun ma'aikacin, domin fizgar ce take jawo yawancin raunin da ake samu. Zafi mai tsanani kuwa daban ne. Idan ka ji shi, ko ka ji tsinken ya toge tun bai yi nisa ba, ka yi magana a dakata a gwada ɗaya ƙofar. Ba a tura tsinke da ƙarfi.

An sha yaɗa maganar cewa tsinken yana kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba ya kaiwa. Hanyar da yake bi tana ƙasa, kuma akwai ƙashi tsakanin rufin hanci da ƙwaƙwalwa. Likitocin hanci da kunne a Helsinki ta ƙasar Finland sun bibiyi gwaje-gwaje 643,284 da aka yi a yankinsu a 2020, suka tarar mutum 8 kacal ne suka zo asibitin gaggawa saboda matsalar tsinke: huɗu haɓo, huɗu kuma tsinken ne ya karye a ciki aka ciro shi. A Amurka an ba da rahoton wata mata da ruwan ƙwaƙwalwa ya tsiyayo mata ta hanci bayan gwajin, amma da aka bincika sai aka ga dama tana da tsohuwar ɓula a ƙashin rufin hancin. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne a riƙa tambaya kafin a sa tsinke. Kai ma ka faɗa tun kafin a tambaye ka idan an taɓa yi maka tiyata a hanci ko a kai, idan ka taɓa karyewa a fuska, idan kana yawan haɓo, idan kana da tsiro a cikin hanci, idan kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko kana da cutar da ke hana jini daskarewa. Ga irin waɗannan, sai a zaɓi wani wurin. A lokacin hunturu kuma, da cikin hanci yake bushewa har ya tsage, ganin ɗan jini a jikin tsinke ba abin tayar da hankali ba ne. Ka sunkuyar da kai gaba, ka matse lallausan ɓangaren hancin na minti 10.

Babban aibin wannan hanya shi ne tana buƙatar hannun da ya ƙware. Ma'aikacin da tausayi ko gaggawa ya sa ya tsaya a rabin hanya, ya ɗauki samfurin tsakiyar hanci ne ya rubuta masa sunan ƙurya. Sannan atishawar da take jawowa tana jefa ma'aikacin cikin haɗari, don haka sai da takunkumi, kariyar ido da safar hannu.

Tsakiyar hanci da ƙofar hanci

Waɗannan biyun sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. A na tsakiya, tsinken yana shiga kamar santimita 2 har ya ɗan toge, a murza. A na ƙofar hanci kuwa santimita 1 zuwa 1.5 ne kawai, a zagaya shi yana gogar bango aƙalla sau 4, na kimanin daƙiƙa 10 zuwa 15. A duka biyun sai an yi ƙofofin hanci biyu da tsinke guda. Mutane da yawa suna manta wannan, su yi ɗaya su ajiye.

Amfaninsu shi ne za ka iya yi da kanka. A wani bincike da aka yi a jihar Washington ta Amurka a 2020, an ba marasa lafiya kimanin 500 tsinke suka ɗauki samfur da hannunsu, sannan ma'aikaci ya ɗauki na ƙuryar hanci don a kwatanta. Na tsakiyar hanci ya kama kashi 96 cikin 100 na waɗanda na ƙuryar ya kama, na ƙofar hanci kashi 94. Sai dai ka lura cewa waɗannan mutane ne masu alamun ciwo, kuma akwai ma'aikaci a kusa yana nuna musu yadda ake yi. Da zarar ƙwayar cutar ta yi ƙaranci, kamar a ranar farko ko bayan mako guda, ƙofar hanci ce take fara rasa ta.

Maƙogwaro

A nan za a ce ka buɗe baki ka ce "aaa", a danne harshe, a goga tsinken a bangon bayan maƙogwaro da kan ƙulluwan nan biyu da ke gefe da gefe, ba tare da ya taɓa harshe, haƙora ko dasashi ba. Yana sa yunƙurin amai, kuma yunƙurin ne yake sa ma'aikaci ya janye da wuri. A ganinmu wannan shi ne samfurin da aka fi ɓatawa, domin a ido yana da sauƙi, amma sau da yawa harshe da ganda kawai ake shafowa.

Ga cutar korona, maƙogwaro shi kaɗai shi ne mafi rauni cikin wuraren da aka saba amfani da su. Amma kada wannan ya sa ka raina shi, domin akwai cututtukan da shi ne wurinsu. Mashaƙo, wadda ta ɓarke a Najeriya tun ƙarshen 2022 kuma ta fi tsananta a Kano, ba bairos ba ce, bakteriya ce, kuma a maƙogwaro ake neman ta, daga gefe ko ƙarƙashin farar fatar da take shimfiɗawa a wurin. Wannan aikin ƙwararren ma'aikaci ne. Haka kuma yaron da yake dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, numfashinsa yana ƙara idan ya ja iska, ba a danna masa harshe ko a sa masa tsinke a gida ko a kemis, domin hanyar iskarsa tana iya toshewa gaba ɗaya. Asibiti ake kai shi nan take.

Me alƙaluma suka nuna?

A 2021 masu bincike a Jami'ar Hong Kong suka tattara nazari 23 da aka yi a kan korona a ƙasashe daban-daban, suka kwatanta kowane wuri da ƙuryar hanci ta amfani da gwajin PCR. Idan aka ɗauki mutum 100 da samfurin ƙuryar hanci ya gano suna da cutar, ga adadin da sauran wuraren suka gano:

- hanci da maƙogwaro a haɗe: 97
- hanci shi kaɗai: 86
- yawu: 85
- maƙogwaro shi kaɗai: 68

Ma'ana, idan maƙogwaro kaɗai aka goga, kusan mutum ɗaya cikin uku masu cutar za a sallame su da takardar cewa lafiyarsu ƙalau. Idan kuwa aka haɗa shi da hanci, sai ratar ta kusa rufewa, ba tare da an shiga ƙurya ba. Hikimar haɗawar ita ce abin da wannan wurin ya rasa, wancan yakan kama. Shi ya sa a cibiyoyin gwaji da yawa, har da na Najeriya a lokacin korona, za ka ga an ɗauki na hanci an ɗauki na maƙogwaro an jefa su cikin kwalba ɗaya.

Kada dai a ɗauka cewa abin da ya tabbata ga korona ya tabbata ga kowace ƙwaya. Wani babban bincike da aka yi a Kenya, aka wallafa a 2011, ya ɗauki samfurin ƙuryar hanci da na maƙogwaro daga mutane sama da 2,300, ya gwada su don neman ƙwayoyin cuta iri takwas. Ga infuluwenza nau'in B, ƙuryar hanci ce ta yi nasara, ta kama kimanin kashi 83 cikin 100, maƙogwaro kuwa kimanin kashi 62. Ga adenobairos sai abin ya juye: maƙogwaro kashi 72, ƙuryar hanci kashi 58. Haka ma ga infuluwenzar H1N1 da ta zama annoba a 2009, maƙogwaro ne ya fi. Ga RSV kuwa ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Wato ko wurin da ake ɗauka a matsayin ma'auni yana da ƙwayoyin da suke kuɓuce masa, kuma likitan da bai san wace ƙwaya yake farauta ba, ya fi masa ya haɗa wurare biyu.

Yawu

Babu tsinke, babu hawaye, babu ma'aikacin da za a yi wa atishawa a fuska. Za a ba ka 'yar kwalba ka tara yawu kamar mililita 1 zuwa 5, wato daga ɗigo kaɗan zuwa cikin ƙaramin cokali. Hanyar ta samu karɓuwa a 2020, bayan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwaje-gwajen yawu da aka ƙirƙira a jami'o'in Rutgers da Yale. Ta fi dacewa da wuraren da ake maimaita gwaji a kai a kai, kamar makarantu, da kuma mutanen da ba za a iya sa musu tsinke a hanci ba. Da nau'in Omikron ya bayyana a ƙarshen 2021, wani nazari daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya nuna cewa yawu ya fi tsakiyar hanci kama shi, saɓanin yadda abin yake a nau'in Delta da ya gabace shi. Ƙwaya ɗaya ce, amma da ta sauya kama sai wurin da take fara bayyana ya ɗan gusa.

Sharaɗinsa shi ne baki ya zama babu komai. Minti 30 kafin gwajin kada ka ci abinci, kada ka sha ko da ruwa ko shayi, kada ka ci goro, kada ka sha taba, kada ka yi asuwaki ko buroshi, kada ka tauna cingam. Yawu ake so, ba kaki ba, sai idan an ce maka ka kakaro. Wanda zazzaɓi ya busar masa da baki, da tsoho mai rauni, da ƙaramin yaron da bai iya tofi ba, duk hanyar tana yi musu wuya. Kuma ba kowane ɗakin gwaji ne aka shirya don karɓar yawu ba, domin kaurinsa yana buƙatar a sarrafa shi ta wata hanya daban.

Idan cutar ta gangara huhu

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi saman hanyar numfashi ne. Wanda ciwonsa ya kai mako guda ko fiye, ya koma ciwon huhu yana haki, ƙwayar tana iya barin hanci ta tare a ƙasa. A irin wannan hali tsinken hanci zai iya cewa babu, alhali huhu cike yake. Wani rahoto daga asibitocin China a farkon 2020, wanda ya duba samfur 1,070 daga marasa lafiya 205, ya samu korona a kashi 93 cikin 100 na ruwan da aka wanko daga cikin huhu, kashi 72 na kaki, da kashi 32 kacal na tsinken maƙogwaro. Saboda haka idan an kwantar da ɗan'uwanka da ciwon huhu, gwajin hanci ya fito babu komai, amma likita ya nemi kaki ko ya zuƙo ruwa daga bututun numfashi, ba ɓata kuɗi yake yi ba.

Kakin kirki daga ƙirji yake fitowa bayan an ja dogon numfashi an yi tari mai zurfi. Ka kurkure baki da ruwa tukuna, ka yi tarin a waje ko inda iska take kaɗawa, nesa da mutane.

Akwai cututtuka biyu da tun farko ƙasan suka fi so, kuma dukansu sun shafe mu. Ta farko ita ce MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, ake ɗaukar ta daga raƙuma ko daga majinyaci a asibiti, kuma ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita kaki ko ruwan huhu wajen neman ta. Idan ka dawo daga Hajji ko Umara, cikin kwana 14 zazzaɓi da tari da haki suka kama ka, ka faɗa wa likita inda ka fito kafin ya ɗauki samfur. Ta biyu ita ce murar tsuntsaye H5N1, wadda ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna a farkon 2006, ta kuma bayyana a Magarya ta Nijar a wannan shekarar. Ita ƙwayar ta fi kama can cikin huhun ɗan Adam, kuma a mutanen da suka kamu da ita an fi samun ta a maƙogwaro da kaki fiye da hanci. Abin mamaki, a 2024 da ta shiga shanun madara a Amurka, wasu ma'aikatan gona ciwon ido kawai ta sa musu, har aka samu wanda samfurin hancinsa ya nuna babu, na idonsa ya nuna akwai. Idan kana kiwon kaji ko kana sana'ar fige su, kuma kajin suna mutuwa, wannan labari ne da likita yake buƙatar ji, domin shi zai nuna masa inda zai sa tsinke.

Jarirai da tsofaffi

RSV ita ce kan gaba wajen sa jarirai ciwon ƙananan hanyoyin iska da ciwon huhu. An ƙiyasta tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000 a shekara a duniya, kusan dukansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Jariri yana fitar da ƙwayar da yawa ƙwarai, don haka samun ta ba ya wuya. A asibiti akan zuƙo majinar ƙuryar hanci da siririn bututu, wani lokaci bayan an ɗiga ruwan gishiri, ko a yi amfani da ƙaramin tsinke na yara. Uwa, idan za a ɗauka, ki zaunar da shi a cinyarki bayansa a ƙirjinki, hannu ɗaya ki rungume hannayensa, ɗayan ki dafe goshinsa. Zai yi kuka, amma riƙo mai kyau shi ne yake sa a gama cikin daƙiƙoƙi ba tare da an maimaita ba. Gara a yi kafin ki ba shi nono, kada ya yi tumbiɗi.

Tsofaffi kuwa akasin haka ne. Ƙwayar RSV takan yi kaɗan a hancinsu, kuma sukan makara zuwa asibiti, shi ya sa tsinke ɗaya yake yawan rasa ta. Ƙara kaki ko yawu a kan na hanci yana ƙara yawan waɗanda ake ganowa.

Rana da irin gwaji

Wuri mafi kyau a ranar da ba ta dace ba, ba zai amfane ka ba. Infuluwenza an fi kama ta cikin kwana 3 zuwa 4 na farkon ciwo, daga nan sai ta riƙa raguwa da sauri, ban da a ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki, waɗanda suke daɗewa suna fitar da ita. Haka kuma wanda ya yi gwaji washegarin ranar da ya zauna da mai korona ya yi gaggawa, domin ƙwayar ba ta taru ba tukuna.

PCR yana ninka ɗan abin da ya samu sau miliyoyi kafin ya karanta, don haka yana jure raunin samfur, har ma yakan ci gaba da nuna korona makonni bayan mutum ya warke ya daina yaɗa ta. Gwajin nan-take, mai fito da layi cikin minti 15 zuwa 30, ba ya ninka komai. Sai ƙwayar ta yi yawa yake gani. A wurinsa ne zaɓin wuri da kyawun goga suka fi tasiri. Idan ka sayi irinsa, ka bi takardar da ke cikin kwalin sau da ƙafa. Wanda aka yi don hanci a hanci aka gwada ingancinsa. Idan ka kai shi maƙogwaro ko ka tofa masa yawu, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Tsamin abin sha yana iya fito da layin ƙarya, kamar yadda 'yan makaranta a Ingila suka gano a 2021, suka riƙa ɗiga lemon kwalba a kan abin gwajin don su samu hutu. Kada ka shafa man zafi ko basilin a cikin hanci kafin gwaji, kuma idan kana fesa magani a hanci ka faɗa. Idan kana da alamun ciwo, gwajin nan-take ya nuna babu, ka maimaita bayan awa 48 ko ka nemi PCR.

Zafin gari ma yana da nasa. Yawancin kayan gwajin nan-take an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram zafin watan Afrilu yana haura 40. Kwalin da ya kwana biyu a mota ko a shagon kwano, ka yi shakkar sa. Samfurin PCR kuwa ana sa shi cikin kwalba mai ruwan adanawa, a riƙe shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa 72; idan zai wuce haka sai an daskarar da shi a sanyi mai tsanani. Idan asibiti ya ba ka samfur ka kai wani gari da kanka, ka tabbata an sa shi cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, murfin a rufe gam, sunanka da ranar ɗauka a rubuce a jiki.

Sakamako ya ce babu, amma jiki bai yarda ba

Ka koma wurin likita da takardar, ka gaya masa daga ina aka ɗauki samfurin, a rana ta nawa ta ciwon, da wane irin gwaji, kuma ko kai ka ɗauka da kanka. Da waɗannan amsoshi zai san ko a maimaita, ko a sauya wuri, ko a nemi wata cutar daban kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu na bakteriya, ko tarin fuka idan tarin ya kai mako 2. Kafin nan ka ci gaba da rufe baki da hanci, ka nisanci tsofaffi, jarirai da masu juna biyu.

Akwai alamun da ba a jiran kowane sakamako a kansu. Ga babba: haki ko kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, leɓe ya yi duhu, ko tari da jini. Ga yaro: ƙasan ƙirji yana lotsawa idan ya ja numfashi, ya ƙi nono ko ruwa, jijjiga, ko barcin da ba a iya tashin sa. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif lokacin da yake kwance ba ya kuka. Sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, duk saurin numfashi ne, kuma a ranar ake kai shi asibiti.